Zaren da Aka Ɗaura wa Sahada

Salaga, Litinin

Zuwa ga Yayata Amamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya kasuwar albasa? Mu nan sai godiyar Allah. An yi sadakar arba'in ta maigidana Zuberu, baƙi sun watse, gida ya yi shiru.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Gwaggo Atikatu, ƙanwar mahaifin Zuberu, ta karɓe wayata tun ranar da na shiga takaba. Ta ce a gidansu mai takaba ba ta jin muryar baƙon namiji, ko ta waya. Maƙwabciyata ce za ta miƙa wa Hakim direba wannan, shi da yake kai doya wajenku. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda karatuna ya tsaya.

Yaya, da asuba nake fi jin rashinsa. Tun da aka yi mini aikin maƙoƙo a Tamale aka cire abin da ke wuyana, likita ya ce ƙwayar nan ƙarama zan yi ta sha har ƙarshen raina. Zuberu ne ya ɗauki abin a kansa. Kullum zai zo da kofin ruwa ya ce, "Hajiya mai ƙwaya, tashi ga abincinki," ya kuma hana ni karya kumallo sai rana ta fito. Shi ke kai ni a ɗebi jinina, shi ke sauraron likita, ni dai nawa haɗiya. A zuwanmu na ƙarshe aka canza mini ƙwayar. Tun daga nan gwiwoyina da yatsuna suka fara ciwo, jikina ya fara nauyi. Ya ce za mu koma a duba. A makon ne ya faɗi a kasuwar Kpandai tsakanin tsibin doya, bai ƙara tashi ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar da aka binne shi Gwaggo ta ɗaura mini baƙin zare a ƙugu, murɗaɗɗe, ta bar wurin yatsa biyu. Al'adar dangin mahaifiyar Gwaggo ce. Ranar fita takaba mata za su taru, a zare shi ta ƙafa ba tare da an yanka ba. Ta ce, "Matar da ta yi kukan mijinta da gaske ramewa take yi, zaren da kansa yake sauka." Na ce, "To Gwaggo, in bai sauka ba fa?" Sai ta dubi 'yata Firdaus tana wasa a bakin ƙofa.

Maƙwabciyata ce ta faɗa mini sauran. Ta ce wadda aka yanke wa zare a gidan nan shekarun baya, cewa aka yi ita ta cinye mijinta. Aka kai ta ƙauyen nan da ake ajiye matan da aka kira mayu, 'ya'yanta suka zauna a nan, ba ta ƙara ganinsu ba.

Yaya, zaren ya fara matse ni. Yatsa ɗaya ma ba ya shiga. Wallahi ba ci nake yi ba. Koko kawai nake iya sha, wanda Gwaggo ke kawowa da sassafe ta tsaya a kaina sai na shanye, da shi ma nake haɗiye ƙwayar yanzu. Amma kumatuna sun cika, zobena ya ƙi fita. Jiya matar Mukaila, wan Zuberu, ta leƙo ta ce, "Kai, amarya, takaba ta karɓe ki!" Sauran suka yi dariya. In zan yi sujada sai na dafa bango.

Firdaus shekararta shida, ita kaɗai Zuberu ya bar mini. Ki faɗa mini yadda zan yi.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki, Sahada


Bawku, Jumma'a

Sahada,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai garin. Allah ya ji ƙan Zuberu, ya ba ki haƙuri.

Na karanta takardarki a rumfa, na kusa jifan mai ciniki da albasa. Wace irin Gwaggo ce wannan? Ita da ta cika kujera biyu a mota, wa ta cinye? Matar Mukaila kuwa ki bar ni da ita, tun ranar bikinki na ga idonta a kan kayan ɗakinki.

Da na zo gobe, amma kin san halin da muke ciki. Dokar hana fita tana nan, hanyar Bolga sai da rakiyar sojoji, jiya ma a Zebilla aka mai da motoci. Maigida ya rantse ba zan taka ba.

To saurara. Ke da kanki kin ce tun da aka canza ƙwayar kika fara kumbura, gwiwa ta fara ciwo. Me kike jira? Ki ajiye ta. Ba har abada ba, har ki fita takaba kawai. Akwai wata mai sayar da gero a nan, maganin asibiti ya hura ta kamar buhu, tana dainawa ta koma kamar budurwa. Maƙoƙon ai an cire shi tuntuni, me ƙwayar take nema kuma? In zaren ya sauka, kika riƙe 'yarki, sai ki koma Tamale ki sha ko kwando guda ne.

Kuma ki rubuta wa Yaya Malam a Yendi. Shi namiji ne, shi ne babbanmu, ya yi amfani da rawanin nan nasa ko sau ɗaya.

Na ba Hakim man kaɗe da citta, ki riƙa shafawa a gwiwa. Kada ki yi kuka a gabansu. A'a, ki yi ma, su gani.

Ki sumbaci Firdaus.
Yayarki, Amamatu


Yendi, Laraba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Zulkarnain zuwa ga ƙanwarsa Sahada. Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Bayan haka, takardarki ta iso, na kuma fahimci tambayoyinki biyu.

Game da zare: ba shi da asali a addini. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, babu awon ƙugu a cikinta. Ƙiba da rama na Allah ne.

Game da fita: ya halatta ga mai takaba ta je asibiti idan akwai lalura, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Babu saɓani a kan wannan.

Sai dai ina yi miki nasiha da haƙuri. Gidan surukai ne, tsakaninmu da su akwai zumunci tun zamanin kakanninmu fataken goro. Kada ki cire zaren da hannunki, kada a ce 'yar gidanmu ta yi tsaurin ido. Na rubuta wa Malam Mukaila da lafazi mai taushi, na kawo masa hujjoji, na roƙe shi ya kai ki Tamale. Mutum ne mai hankali, ina kyautata masa zato. Ni kaina zan zo in an gama walimar saukar ɗalibaina.

Batun magani ba fannina ba ne, ki bi abin da ya fi miki sauƙi. Ki yawaita istigfari.

Wassalam.
Ɗan'uwanki, Zulkarnain


Salaga, Asabar

Yayata Amamatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Man kaɗe ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci.

Takardar Yaya Malam ba ta yi mini daɗi ba, ko da yake da alheri ya yi. Mukaila ya karanta ta a tsakar gida da ƙarfi, kowa na ji. Ya tsaya bayan labulena ya ce, "Wato ƙararmu kika kai Yendi? Mu ne jahilai? In cikinki fari ne, me ya sa kike tsoron zare tun yanzu?" Na ce, "Yaya Mukaila, asibiti kawai na roƙa." Ya ce, "Asibiti ba ya gudu. Ƙanena yana ramewa kina cika, muna kallo muka yi shiru. Ki zauna ki gama."

Gaskiya ne Zuberu ya rame kafin ya rasu. Yana yawan shan ruwa, yana yawan fita bayan gida, na yi ta roƙonsa ya bari a duba shi, ya ce sai an gama kakar doya. Yanzu wannan ramar ma a kaina take.

Washegari Gwaggo ta kwashe tabarmar Firdaus ta kai ɗakinta. Ta ce iskar mai takaba ba ta da kyau ga yaro. Da rana takan sato jiki ta zo. Shekaranjiya ta taɓa kumatuna ta ce, "Mma, me kike ci a ɓoye? Ki ɗan ba ni." Na yi dariya, na ce wa ya ce ina ci a ɓoye? Ta ce, "Kowa."

Na bi shawararki. Na ƙulle ƙwayoyin a tsumma na tura ƙarƙashin akwati. Ranar farko ji nake kamar Zuberu yana tsaye da kofinsa yana kallona. Na ce masa a raina, ka yafe mini, don 'yarka nake yi.

Kuma Yaya, kamar da sauƙi. Yatsuna sun rage zafi, na wanke zanena da kaina. Da safe na gwada zaren, ina ji kamar ƙaramin yatsa zai shiga. Wataƙila zuciyata ce take so, amma na ji daɗi. Na rage kokon ma, rabi nake sha in zubar da sauran a bayan ɗaki in Gwaggo ta juya.

Ki ci gaba da yi mini addu'a.
Sahada


Salaga

Yaya,

Salam. Ki yafe ni, na daɗe ban rubuto ba. Nakan ɗauki biro sai in farka in same shi a ƙasa.

Sanyi nake ji. Ana zafin bazara, mutane na kwana a waje, ni ina cikin bargon Zuberu da rigarsa ta sanyi. Matar Mukaila ta gan ni da tsakar rana a zaune cikin rana ina rawar ɗari, ta kira sauran su zo su gani. Ba wadda ta yi dariya wannan karon. Na fi son lokacin da suke dariya.

Ban rame ba, Yaya. Na fi da. Fuskata ta kumbura har idona ya ƙanƙance, ƙafata ba ta shiga silifa. Ciwon gwiwa ya dawo ya haɗa da kafaɗa da baya. Gashina yana bin mataji. Zaren ya nutse cikin nama, wurin ya yi ruwa yana wari, ina sa man kaɗe amma ba ya ji.

Muryata ma ta canza, ta yi kauri kamar ta namiji. Na kira Firdaus daga ƙofa, ta tsaya ta dube ni, ta ruga bayan Gwaggo. Gwaggo ta ce, "Kun ji? Muryar wa kuka ji?" Wata ta ce, "La ilaha illallahu, ta Zuberu ce." Yaya, ni ce. Ni ce kawai.

Ɗan autan Mukaila yana zazzaɓi. An daina ɗibar ruwa a randata. Wanda zai wuce ƙofata sai ya tofa addu'a. Maƙwabciyata ta ce an aika a kira wata mai duba daga ƙauye, za ta zo ranar cire zare. Ta ce samarin unguwa ma sun ji, suna tambayar wace rana ce. Ta ce wannan ce takarda ta ƙarshe da za ta ɗaukar mini, mijinta ya hana.

Na yi tunanin in koma shan ƙwayar. Na jawo akwatin, na kasa ɗaga shi. Kuma in na sha na ƙara kumbura fa? Ban san wanne ne ke kashe ni ba, shan ko barin. Zuberu ne ya sani.

Akwai abin da nake so in ce miki game da Firdaus, ya fita daga kaina. Ba ta son kuɓewa. Ba wannan ba ne. In na tuna

Barci nake ji.
Sahada


Bawku, Lahadi

Yaya Malam,

Salamu alaikum. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, ka yi haƙuri. Na kira wayarka ta ƙi shiga, ko ka kashe ta saboda walima. Ga takardar Sahada na haɗa maka, ka karanta da idonka, ka dubi yadda rubutun yake gangarowa.

Na nuna wa wata nas da ke sayen albasa wurina. Ta tambaye ni, an cire mata abin wuyan gaba ɗaya? Na ce e. Ta ce tun yaushe ta bar ƙwayar? Da na faɗa mata sai ta ajiye kwandonta. Ta ce wanda aka yi wa wannan aiki ba ya barin maganin, barcin nan da sanyin nan su ne hanyar tafiya, a kai ta babban asibiti yau, ba gobe ba.

Ni na ce ta ajiye, kai ka ce ta bi abin da ya fi sauƙi, za mu yi wannan maganar daga baya. Yanzu ka tashi. Daga Yendi zuwa Salaga ba sojoji a hanya. Kada ka aika takarda, kada ka kawo hujja, kada ka tsaya gaisawa da Mukaila a zaure har a kawo maka ruwa. Ka ɗauki mota ka shiga ɗakin ka ɗauko ta. In Gwaggo ta tare ƙofa ka ture ta, zunubin a kaina.

Kuma ka fito da yarinyar. Ka ji ni? Ka fito da Firdaus a tafiya ɗaya, in ka bar ta ba za su ba mu ita ba.

Amamatu


Tamale, Alhamis

Da sunan Allah.

Zuwa ga Amamatu. Aminci ya tabbata a gare ki. Tana da rai. Na fara da wannan don hankalinki ya kwanta.

Na isa Salaga jiya da hantsi. Na same ta kwance, jikinta sanyi kamar randa, ina kiran sunanta tana buɗe ido da ƙyar. Ban gane ta ba, Amamatu. Ƙanwata ce, na yi mata kallon baƙuwa. Babu wanda ya shiga ɗakin tun shekaranjiya, kokon da aka ajiye a bakin ƙofa ƙudaje sun rufe shi.

Ba wanda ya taimaka mini ɗaukarta sai direban da na zo da shi. Mata suna tsaye jikin bango. Atikatu ta ce, "Malam, saura kwana kaɗan, ka bari ta cika." Na ce da ita abin da ban taɓa faɗa wa babba ba. Mukaila ya ce, "In ta fita da zaren nan, kada ta dawo da shi a yanke." Na tambayi Firdaus, aka ce an aike ta. Na duba ɗakuna biyu ban gan ta ba, numfashin Sahada kuma yana ja. Na zaɓa, na taho da Sahada na bar yarinyar.

A asibiti, da suka buɗe zanen suka ga ƙugun, likitar ta tambaye ni mene ne wannan. Na ce zaren takaba ne. Ta sa almakashi. Na ce ko za a iya zare shi ta ƙafa, ta dube ni, ta yanke shi. Sai da suka ciro shi daga cikin nama, gyambon ya zagaye ta.

Likitar ta ce ciwon gaɓoɓi da nauyin jiki na farko abu ne da suke gani, sau da yawa awon ƙwayar ne bai dace da mutum ba, wani kuma sabuwar ce ba ta karɓe shi ba. Shan ta da koko ma yana rage mata ƙarfi. Da an zo, jini kawai za su ɗiba su gyara. Tafiyar yini ɗaya ce.

Wani ɗan Salaga da ke jinyar mahaifinsa a nan ya ga lokacin da aka yanke zaren. Kafin la'asar labari ya isa gida. Yau na kira Mukaila, ya ce ɗan autansa mai zazzaɓi ya rasu da safiyar nan, ya kashe wayar.

Ki yi addu'a. Ni na kasa haɗa ido da ita.

Zulkarnain


Yendi, Talata

Yayata,

Assalamu alaikum. Na tashi. Ina gidan Yaya Malam, a nan na cika takaba, matarsa ce ta yi mini wanka. Kada ki ƙara cewa ke ce sila, ban riƙe ki da komai ba.

Ina shan ƙwayar da asuba da ruwa zalla. Har yanzu ni ƙatuwa ce, gwiwa sai da sanda. Likita ta ce a hankali.

Hakim ya kawo labari. An fitar da kayana an ƙone katifar. Firdaus tana wani ƙauye bayan Kpandai wurin dangin Gwaggo. Ya gan ta a bakin rijiya, an aske mata kai. Ya ce mata Mma tana gaishe ki. Ta ce masa an ce Mma ta mutu, wata ce ta shiga jikinta.

Yaya Malam ya ce in jira, zai tara manya, za a je wurin hukuma. Na ce ya tara. Amma Hakim zai yi lodin doya a Kpandai ranar kasuwa, na roƙe shi wurin zama a gaba. Ya ce samarin can sun san labarina, in suka gane ni ba zai iya tare su ba. Na ce na ji.

Ba zan yi faɗa da kowa ba. So nake ta gan ni da rana, ta taɓa hannuna, ta ji da ɗumi.

Kada ki gaya wa Yaya Malam sai motar ta tashi.

Ƙanwarki, Sahada